Yaron da ko tari ba ya yi a gaban ubansa, ya iya riƙe zuciyarsa ke nan?

Malama Binta, Rigasa:
Assalamu alaikum iyaye. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ina koyar da 'yan shekara huɗu zuwa shida. A ƙwace wa yaro fensir, wani zai ɓata rai ya kawo mini ƙara, in an ba shi haƙuri ya koma ya zauna. Wani zai zube ƙasa yana birgima har da buga kai. Na ukun shi ya fi ba ni tsoro. Ba kuka, ba ƙara, ido kawai zai zuba maka, sai an fita tara ya sami wanda bai kai shi ƙarfi ba ya huce a kansa. In na kira iyayensa sai su ce, "Malama, wannan a gida ko tari ba ya yi." To halitta ce ko tarbiyya? Kuma shirun nan nasa haƙuri ne?

Baban Sadiq, Kawo:
Wa alaikumus salam. Malama, mai birgimar nan bulala ce bai sha ba. Mu da muka tashi wa ya isa ya yi birgima a gaban babba? Kallo ɗaya mahaifiyarmu za ta yi maka ka shiga taitayinka. Yanzu yaro ya yi laifi, uwa ce ke ba shi haƙuri. Ka ƙi naka duniya ta so shi. Ga mu nan mun girma lafiya, muna riƙe da iyalanmu.

Maman Hanifa, Hayin Banki:
Baban Sadiq, tawa shekararta uku. Jiya da yamma na ɓare mata ayaba, ashe da kanta take so ta ɓare. Ta zube a tsakar gida tana shure-shure, wai sai na mayar da ɓawon yadda yake. Maƙwabta suka fara leƙowa, wata ta ce in zane ta ta huta. Yarinyar nan in an daka mata tsawa abin ƙaruwa yake, har numfashinta ya riƙa sarƙewa. Me ta sani a nan da za a dake ta a kansa?

Hadiza, Malali:
Sannunku. Halayyar ɗan Adam na karanta, kuma da yara nake aiki, bari in sa baki.

Maman Hanifa, 'yarki ba iskanci take yi ba. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke sa mutum ya dakata ya yi tunani kafin ya aikata, shi ne na ƙarshe wajen nuna, ba ya kammala sai wajen shekara 25. A shekara uku ɓacin rai yana zuwa da ƙarfinsa, abin da zai tare shi kuma bai ƙosa ba. Shi ya sa rigimar ta fi yawa tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa huɗu, ga kuma baki bai iya faɗin abin da ke ciki ba tukuna.

Ba a haifar yaro da iya kwantar da kansa. A jikin babba yake koyo. Jariri ya yi kuka, a saɓa shi a kafaɗa, a goya shi, a jijjiga, bugun zuciyarsa ya sauka. In aka yi masa haka sau ba adadi, a hankali jikinsa ke gane hanyar saukowa, har ya fara yi da kansa. A shekarun 1970 wani masani a Amurka, Edward Tronick, ya sa mata su yi wasa da jariransu, sannan su ɗauke wuta na ɗan lokaci, ba murmushi ba magana. Jaririn zai yi murmushi don ya jawo hankalin uwar, ya miƙa hannu, ya yi ƙara, in ya ga ba amsa ya kau da kai ya rikice. Tana sakin fuska ya fara dawowa daidai. Tun yana 'yan watanni a fuskar uwa yake duba ko lafiya.

Halitta kuma tana da nata, Malama Binta. Uwa ɗaya uba ɗaya, wani ya zo da sanyin hali, wani da zafi. Sai dai mai zafin shi ya fi buƙatar babban da ba ya hawa tare da shi.

Baban Sadiq, Kawo:
Malama Hadiza, da girmanki, amma wannan karatun Turawa ne. Su da yaro ke kallon idon uwarsa ya gaya mata magana? Su za su koya mana tarbiyya?

Hadiza, Malali:
Baban Sadiq, su kansu masu binciken ba su ce a sangarta yaro ba. Tun shekarun 1960 Diana Baumrind ta Jami'ar Kalifoniya ta lura da gidaje iri uku. Akwai na tsanani zalla, umarni ba bayani, ba jan yaro a jiki. Akwai na sakaci da sunan so, duk abin da yaro ya ga dama. Akwai kuma masu doka tsayayya amma da sakin fuska da bayani. 'Ya'yan na ƙarshen nan su suka fi natsuwa da iya zama da mutane. Sangartaccen yaro ma bai iya riƙe zuciyarsa ba, don bai taɓa jin "a'a" ya daure ba. A nan ni da kai bakinmu ɗaya.

Batun duka kuma ba a ƙasar Turawa kaɗai aka duba ba. A 2005 Jennifer Lansford da abokan aikinta sun fitar da binciken da suka yi a ƙasashe shida: Kenya, Indiya, Sin, Filifin, Tailan da Italiya. Sun ga inda duka ya zama ruwan dare illarsa takan ɗan ragu, don yaro ba ya ganin shi kaɗai aka tsana. Amma a dukkan shidan, yaran da aka fi duka sun fi faɗa da fargaba. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekara 50 da ya shafi yara sama da 160,000, ba su sami inda duka ya gyara hali ba, abin da suka samu yana tafiya da ƙarin faɗa da damuwa.

Baban Sadiq, Kawo:
To ai dole. Yaro mai ƙiriniya shi ake duka. Ba dukan ya sa shi faɗa ba, faɗansa ya ja masa duka.

Hadiza, Malali:
Wannan tambaya ce ta gaske, masanan ma sun yi ta. Abin yana tafiya ta gefe biyu. Shi ya sa aka bi yara kusan 2,500 a Amurka, aka auna ƙiriniyarsu tun suna shekara uku, aka fitar da sakamako a 2010. Ko da aka yi la'akari da yadda kowane yaro yake tun farko, waɗanda ake yawan duka a shekara uku sun fi faɗa a shekara biyar. Duka yana tsayar da abu nan take, ban musa ba. Abin da ba ya yi shi ne koya wa yaro yadda zai yi da fushin da ke cinsa. Ka danne murfin tukunya ne alhali wutar tana nan, in ba ta zubo ta nan ba za ta zubo ta can. Yaron Malama Binta na uku ke nan, a filin tara yake zubowa.

Malam Auwal, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Alhaji Baban Sadiq, kada mu bar wa Turawa abin da yake namu tun asali. Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Bukhari da Muslim ne. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa don me ka yi kaza, ko don me ba ka yi kaza ba. Yakan fara salla da niyyar tsawaitawa, ya ji kukan yaro ya taƙaita don kada uwar ta shiga damuwa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na ƙanin Anas, Abu Umair. Yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, ya mutu, yaron ya shiga baƙin ciki. Shugaban al'umma, da duk abin da ke kansa, ya lura da fuskar yaron, ya tambayi dalili, ya kira shi da alkunya kamar babban mutum, yana tambayarsa labarin tsuntsun. Bai ce masa don tsuntsu kake ɓata rai ba. Mu da yaronmu ne, "rufe mini baki" za mu ce.

Baban Sadiq, Kawo:
Allah ya gafarta Malam, hadisin salla fa? A umarce su suna da bakwai, a dake su suna da goma.

Malam Auwal, Tudun Wada:
Yana nan, Abu Dawud ya ruwaito, ba mai share shi. Amma Alhaji ka duba tsarinsa. Kan salla ne, ba kan fasa kofi ba. Shekara uku cur ana umarni da koyarwa kafin a kai can. Ɗan ƙasa da goma bai shiga ba. Malamai kuma sun sa sharuɗɗa: ban da fuska, ban da ji wa jiki rauni, ban da yi cikin fushi. Yanzu mu tambayi kanmu tsakani da Allah, dukan da ake yi a gidajenmu, nawa ne ba na fushi ba? Annabi ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Ya ce in ka yi fushi kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kishingiɗa. Uban da ke son ɗansa ya iya wannan, a jikinsa yaron zai fara gani.

Abba, Kinkinau:
Baban Sadiq, ka yi haƙuri, ni sa'an ɗanka ne, amma maganar "mun girma lafiya" ta tsaya mini. A gidanmu ƙarar mashin ɗin mahaifinmu daga bakin layi ita ce ƙararrawa. Mai cin abinci ya ajiye kwano, mai dariya ya haɗiye, kowa ya nemi lungu. Mutanen unguwa suna yaba mu, 'ya'yan wane ba ka jin motsinsu. Allah ya saka masa, bai taɓa barin mu da yunwa ba, ya biya mana makaranta. Amma yau ga ni da aure, in na je gaishe shi daga "ina kwana" sai "Allah ya ƙara lafiya", ba mu da wata hira. In raina ya ɓaci ban san yadda ake faɗa ba, sai in yi kwanaki ba na magana, iyalina tana ta tambayar laifinta. Yayanmu kuwa nasa a hannu yake fita. Wanda ya gan mu a waje zai ce lafiya muka girma.

Hajiya Inna, Unguwar Sarki:
Abba ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya sanyaya maka. Jikata ke rubuta mini, ni nake faɗa.

Alhaji, kun riƙe bulalar da, kun manta sauran. Gaskiya ne an dake mu. Amma a gidan da na tashi, in uwarka ta zane ka, ɗakin kaka kake nufa da gudu. Ta jawo ka jikinta, ta share maka hawaye da bakin zaninta, ta ce wa ya taɓa mini miji, ko wa ya taɓa mini kishiya. Ta bar ka ka gama ajiyar zuciya, ta ɗauko ɗan ƙuli-ƙuli ko ragowar fura ta ba ka. Sai ka huce sarai sannan ta ce, amma kai ma abin da ka yi ba kyau, tashi ka je ka ba uwarka haƙuri. Ga goggo, ga inna, ga matar kawu. Da dare a shimfiɗa tabarma a yi tatsuniya, ka ji yadda haɗama ta kai Gizo ta baro. Yaro bai taɓa kwana da abu a ransa shi kaɗai ba.

Yanzu fa? Ciki da falo a gidan haya, uwa ita kaɗai da yara huɗu tun asuba, uba ya dawo bayan isha ya gaji da cunkoson hanya da neman kuɗin makaranta. Mai dukan ita ce mai lallashin, in ta gaji babu lallashin. Yaro ya sha duka ya je bayan ƙofa ya yi kukansa ya share da kansa. Ko a miƙa masa waya don ya yi shiru. Wannan ba tarbiyyar da ba ce, rabinta ce.

Zagi kuma ku bar shi, 'ya'yana. Bakin uwa ba abin wasa ba ne. Shatar bulala tana ɓacewa a sati, amma "ba za ka taɓa yin hankali ba" na san dattawan da har yau suna jin ta a kunnensu.

Maman Hanifa, Hayin Banki:
Hajiya, wallahi kamar kina gidanmu. Anti Hadiza, to a aikace ya zan yi in ta fara? Kuma kada ta ɗauka duk abin da ta yi wa kuka za ta samu.

Hadiza, Malali:
Hajiya ta riga ta faɗi abin, kakarta ta yi shi tun kafin John Gottman na Jami'ar Washinton ya rubuta shi a shekarun 1990: lallashi tukuna, gyara daga baya, kuma ba a barin ɗaya.

Ki fara da kanki. In kin ji kina hawa, ki yi a'uziyya, ki ja numfashi, ki durƙusa daidai tsayinta. Tana tsakiyar shure-shure ba ta jin wa'azi, kada ki ɓata bakinki. Ki kawar da abin da zai ji mata ciwo, ki tsaya kusa. In ta fara sauka ki faɗa mata abin da ke ranta da kalmomi kaɗan: "Kin ji haushi, ke kika so ki ɓare." Ba ki ce ta yi daidai ba, kin ba ta kalmar da wata rana za ta yi amfani da ita maimakon ƙafa. Sannan iyaka: "Wannan ta riga ta ɓaru. Gobe ke za ki ɓare taki." In ta kai miki duka ki riƙe hannun ki ce, "An yarda ki ji haushi, ba a yarda ki daki mutum ba." In abin da kika hana ne, alawa ko waya, to ya hanu, ko za ta yi awa tana kuka. Randa kika ba ta don maƙwabta suna kallo, kin koya mata cewa birgima tana biya.

Ki kuma lura da lokacin. Yawancin rigimar yara yunwa ce, ko barci, ko an katse musu wasa ba sanarwa. "Saura kaɗan mu tafi wanka" tana rage rabin faɗa.

Malama Binta, Rigasa:
Na ƙaru sosai. Abin da zan ƙara, yawancin masu shirun nan maza ne. Tun yaro yana tatata ake ce masa namiji ba ya kuka. Ya faɗi ya fasa gwiwa, "tashi, kai mace ne?" Tsoro an hana shi, baƙin ciki an hana shi, fushi kaɗai aka bar masa. Kuma duk yaron da iyayensa suka kwana suna faɗa, ina ganewa da safe tun daga yadda ya ajiye jakarsa.

Mu a Rigasa mun ga ƙarshen wannan hanya. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a nan, suka fito da ɗaruruwan mutane, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabo. Da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu, don sun gagara a gida. Ba na zagin iyayen, sun rasa yadda za su yi ne. Amma tunanin ɗaya ne: in duka bai yi ba, a ƙaro duka.

Malam Auwal, Tudun Wada:
Malama, batun kukan namiji, ranar da ɗansa Ibrahim yake barin duniya idanun Annabi (SAW) sun zubar da hawaye. Abdurrahman ɗan Aufu ya ce, har kai ya Manzon Allah? Ya ce wannan rahama ce. Ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, kuma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Haƙurin da addini ya sani ke nan, ka ji abin, ka kame harshe da hannu. Mu malaman Islamiyya ma maganar ta hau kanmu, don dorina ta yi yawa a hannunmu.

Nura, Unguwar Rimi:
Ƙarin bayani kawai. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2014 ya nuna yara shida cikin goma a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai 18, kusan rabi kuma na jiki ne. Jihar Kaduna tana da dokar kula da walwala da kare yara tun 2018. In horo ya kai ga rauni, ya fita daga maganar cikin gida.

Baban Sadiq, Kawo:
Na ji ku duka. Maganar Hajiya ta shige ni, don ni ma ɗakin kakata na sani. Ƙananan yara da duka cikin fushi, na bar muku. Amma ɗan shekara goma sha biyu da ya fara bin 'yan shara, wato 'yan daba, a unguwa, ba za ku ce mini in durƙusa in ce "ka ji haushi" ba. Wannan ban sauka ba.

Hadiza, Malali:
Ba za mu ce ba, Baban Sadiq. Wannan yana buƙatar doka mai tsauri: lokacin dawowa gida, sanin abokansa da iyayensu, hana kuɗi da waya in ya karya, kai shi shago ko wajen sana'a ya zauna kusa da kai. Abin da nake tsoro shi ne a wannan shekarun duka yakan koya masa ɓoyewa, kai kuma abin da ka fi buƙata shi ne ya iya gaya maka inda ya je.

Sannan iyaye a lura: in yaro ya wuce shekara biyar ko shida yana irin wannan rigima kusan kullum, ko yana ji wa kansa ciwo, ko magana ta yi masa jinkiri sosai, ko ya sauya gaba ɗaya bayan wani tashin hankali, a kai shi a duba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ba na masu taɓin hankali kaɗai ba ne, akwai kuma likitocin yara a asibitin Barau Dikko, duk a nan Kaduna.

Maman Al'amin, Badarawa:
Hajiya, a taimaka mini. Gidan gandu nake aure, yaron ɗan fari ne. In ya yi kuka na ɗauke shi a gaban mutane, uwar mijina sai ta ce 'yan zamani ba kunya. In na ƙyale shi kuma raina ba ya so.

Hajiya Inna, Unguwar Sarki:
'Yata, kada ki yi jayayya da ita, yadda aka yi mata ta sani. Kunyar ɗan fari da can tana tafiya ne da wadda za ta karɓe shi. Uwa ta kau da kai, kaka ta ɗauka. To ki ba ta aikinta. Ya fara kuka a tsakar gida, ki ɗauke shi ki kai mata ki ce, "Inna, ga mijinki ya ƙi ni, ke yake so." Ba tsohuwar da za ta ƙi wannan. In ta karɓa ya sami mutum biyu. In ba ta kusa, ki saɓe shi ki shige ɗaki ki lallashi abinki, ba wanda ya hana ki a can. Ki kuma gaya wa mijinki cikin dare, shi ya san yadda zai yi wa uwarsa magana, ba ke ba.